Franschhoek: Garin da Baƙi Suka Zama Amfanin Gonarsa

Wanda ya bar birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 75 zai faɗa wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya ta gefe uku. Can ƙuryar kwarin ne Franschhoek yake, ɗan ƙaramin gari da ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa ba su kai 18,000 ba. Babban titinsa guda ɗaya ne, titin Huguenot, kuma mai tafiya a ƙasa ba zai gaji ba kafin ya kai ƙarshensa. Sai dai a kan wannan titi da gonakin da ke zagaye da shi akwai gidajen cin abinci da sunansu ya kai Turai da Amurka, da kantunan cakulan da turare da kayan fata, da gidajen baje kolin zane-zane da sassaƙe, da masaukai da kuɗin kwana ɗaya a cikinsu ya fi albashin wata na wanda ke gyara gadon. Kusan kowace shekara sai an buɗe sabon wuri, ko an sake wa tsoho fasali da suna.

An san garin da noman inabi da matse shi a yi giya. Na san galibin masu karanta wannan ba ruwansu da wannan sana'a, ni ma haka, kuma ba yabon abin da ke cikin kwalba ya kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda garin manoma ya rikiɗe ya koma garin karɓar baƙi cikin shekara talatin, da wanda ya ci ribar rikiɗar, da wanda har yanzu yake tsaye a bakin ƙofa. Domin a ganina waɗannan sababbin gidajen abinci da kantuna da gidajen zane ba ado ba ne da aka ɗora a kan noma. Su ne noman yanzu. Inabin ne ya koma ado.

Sunan garin kansa yana ɗauke da tarihinsa. A harshen Holan, Franschhoek na nufin kusurwar Faransawa. Kafin nan Turawa na kiran wurin Olifantshoek, kusurwar giwaye, saboda giwayen da ke ratsa duwatsun su sauko kwarin, kuma tun kafin zuwan kowane Bature mutanen Khoi da San ne ke kiwo da farauta a wannan yanki. A 1685 Sarki Louis na 14 na Faransa ya soke dokar da ta bai wa Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin addininsu, sai dubban su, waɗanda ake kira Huguenot, suka gudu. Kamfanin kasuwancin Holan da ke riƙe da Cape ya ɗauko kimanin 200 daga cikinsu tun daga 1688, gwamna Simon van der Stel ya yanka musu gonaki a wannan kwari da kewayensa. Suka sa wa gonakin sunayen gida: La Motte, La Provence, Cabrière, La Dauphine. Kamfanin bai bar su sun riƙe harshensu ba, ya sa makaranta da coci su koma harshen Holan, kuma jikokinsu ba su tashi da Faransanci ba. Abin da ya saura shi ne sunayen gonaki da sunayen dangi irin su Du Toit da De Villiers da Le Roux da Joubert.

Wannan abu yana da muhimmanci ga wanda ke son fahimtar kasuwar yau. Faransancin da baƙo yake gani a allunan shaguna, da tutoci masu launin shuɗi da fari da ja da ake kafawa duk watan Yuli don bikin Bastille, ba gado ne da aka riƙe tun kaka da kakanni ba tare da yankewa ba. Abu ne da aka tono daga tarihi aka wanke aka sa a kasuwa. Ko bikin kansa tunawa ne da juyin juya halin 1789, wanda ya auku shekara ɗari bayan waɗancan 'yan gudun hijira sun bar Faransa. Ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, kowane gari mai neman baƙi yakan zaɓi fuskar da zai nuna. Amma duk zaɓi yana barin wani abu a baya, kuma abin da aka bari a nan babba ne: hannayen da suka yi aikin. Gonakin Cape bayi ne suka gina su, mutanen da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, tare da 'yan Khoi da aka raba da makiyayarsu. A cikin waɗannan bayi da waɗanda Holan suka koro daga tsibiran Indonesiya ne Musulunci ya kafu a Cape. An haramta bauta a 1834, aka sake su a 1838, amma da yawansu ba su da inda za su, sai suka ci gaba da zama a gonakin iyayengijinsu na da. Zuriyarsu ce har yau ke tsinkar inabi a kwarin.

To me ya sa mai gonar inabi zai buɗe gidan cin abinci? Amsar tana cikin lissafi, kuma lissafin ba mai daɗi ba ne.

Tsawon yawancin ƙarni na 20, wata babbar ƙungiyar manoma mai suna KWV, da aka kafa a 1918, ita ce ke riƙe da ragamar sana'ar: ita ke yanke yawan abin da kowa zai noma da mafi ƙarancin farashi. Manomi ya san inda zai kai kayansa, ba ya buƙatar kowa ya zo ya ga gonarsa. A farkon shekarun 1990 abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. An soke tsarin kason a 1992, kuma takunkumin da duniya ta sa wa gwamnatin wariyar launin fata ya faɗi. Kasuwar duniya ta buɗe, amma kariyar ta tafi. Manomin Cape ya tsinci kansa yana gogayya da na Chile da Ostareliya da Sifen a kantunan Birtaniya da Jamus, kuma babban kaso na abin da ƙasar ke fitarwa yana tafiya ne a manyan tankuna, a farashi mai rauni, a zuba shi a kwalba can a Turai. Ga kurangar inabi ba ta gaggawa: sai ta yi shekara uku ko huɗu kafin ta fara ba da amfani na kirki, kuma sai an yi ta kashe mata kuɗi a duk tsawon lokacin. Shekara da shekaru ƙungiyar masu noman inabi ta ƙasar, Vinpro, tana kukan cewa manoma da yawa ko dai suna fita da uwar kuɗi kawai ko suna faɗuwa. Shaidar haka tana ƙasa: gonakin inabin giya a Afirka ta Kudu sun haura hekta 100,000 a tsakiyar shekarun 2000, yau sun koma ƙasa da 90,000. Mutane na tumɓuke inabi suna dasa lemo ko wani abin da ya fi kawo kuɗi.

Mai gona a Franschhoek yana da wata mafita da manomin lungu ba shi da ita. Yana da duwatsu masu kyan gani, da tsofaffin gine-gine farare masu rufin ciyawa, kuma tafiyar sa'a guda ce daga filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Kwalbar da zai sayar wa dillali da araha, idan baƙo ya zo da ƙafarsa zai saye ta a cikakken farashi, babu ɗan tsakiya, babu kuɗin jirgin ruwa. Amma baƙo ba zai yi tattaki don kwalba kaɗai ba. Sai an ba shi abinci. In ya ci, sai an ba shi wurin kwana. In ya kwana, gobe sai an samar masa abin kallo da abin saye, da abin da zai ɗebe wa matarsa da yaransa kewa. Haka abin ya yi ta hayayyafa, kowace buƙata tana haifar da sabuwar sana'a, har aka wayi gari layukan inabin da ke bayan tebur babban aikinsu shi ne su fito da kyau a hoto.

Girki ne ya fara fitar da sunan garin. A masaukin Le Quartier Français, wata kuku 'yar asalin Holan mai suna Margot Janse ta shafe sama da shekara ashirin tana jagorantar madafa, kuma gidan abincinta ya sha shiga jerin hamsin da suka fi fice a duniya kafin ta bar wurin a 2017. Da suna ya fita, sai manyan masu kuɗi suka biyo. Iyalan Rupert, waɗanda ke cikin mafiya arziki a ƙasar, tun 1970 suke riƙe da La Motte, inda suka buɗe gidan adana zane-zane, sannan a 2007 aka buɗe gidan tarihin tsofaffin motoci a wata gonarsu, L'Ormarins. Koos Bekker na kamfanin Naspers da matarsa Karen Roos suka sayi tsohuwar gonar Babylonstoren da ke kan hanyar garin Paarl, suka mai da ita lambu mai faɗi da masauki da kantin kayan gona. Attajirin Birtaniya Richard Branson ya sayi Mont Rochelle a 2014. Wanda labarinsa ya fi ban sha'awa shi ne Analjit Singh, ɗan kasuwar Indiya da ya kafa kamfanonin Max. Gasar cin kofin duniya ta 2010 ce ta kawo shi ƙasar, kwarin ya shiga ransa, ya fara da sayen gida guda, ya ƙare da gonaki da masaukai da gidajen abinci a ƙarƙashin suna Leeu, wato zaki a harshen Afrikaans, daidai da ma'anar sunansa Singh. Har Le Quartier Français ɗin ya koma hannunsa. Tsohon gidan sayar da zane na Everard Read, wanda aka kafa a Johannesburg tun 1913, shi ma ya buɗe reshe a garin.

A lura da wani abu game da waɗannan mutane: babu ko ɗaya cikinsu da ya yi arzikinsa da inabin Franschhoek. Daga taba da kayan alatu, daga jaridu da intanet, daga jiragen sama, daga asibitoci da inshora kuɗin suka fito. Wannan ya canza ma'anar fili a kwarin gaba ɗaya. Manomi yana sayen gona ne bisa lissafin abin da za ta ba shi a kaka. Attajiri yana saye ne bisa abin da idonsa ya gani da sunan da zai samu, kuma zai iya jure asara ta shekaru ba tare da ya rasa barci ba. Idan waɗannan biyu suka haɗu a ciniki, an san wanda zai tafi da fili. Farashin ƙasa ya rabu da amfanin ƙasa. Ƙaramin manomi da ya gaji gonarsa zai ga sayarwa ta fi masa nomawa, matashin da ke son fara noma kuwa, fari ne ko baƙi, ba zai ma tunkari wurin ba.

Akwai dabara a yadda garin yake jan baƙi, kuma ya kamata a yaba ta. Matsalar duk garin da ya dogara da masu yawon buɗe ido ita ce kasuwa tana ci wata shida ta kwanta wata shida. A Cape zafi yana zuwa ne daga Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin da sanyi ke koro Turawa daga gida, kuma a ƙarshen wannan zango ake girbin inabi. Daga Mayu zuwa Agusta sai ruwa da sanyi, gadaje su zama fanko. Sai aka cusa bukukuwa a cikin watannin da babu ciniki. Bikin marubuta da masu karatu, wanda aka fara a 2007, a watan Mayu ake yinsa, inda ake cika coci da zauren gari da ɗakunan makaranta da masu sauraron muhawara kan littattafai da siyasa. Bikin Bastille kuma a tsakiyar sanyin Yuli. A 2012 aka farfaɗo da tsohon layin dogo na 1904, wanda aka shimfiɗa don kai amfanin gona kasuwa, aka ɗora masa taragon yawo da ke zagayawa da baƙi gona zuwa gona. Layin da aka gina don fitar da kaya daga kwarin yanzu mutane yake shigowa da su. Ban san wani abu da ya fi wannan bayyana sauyin da garin ya yi ba.

Yanzu sai mu juya mu dubi ɗaya gefen titin.

Kafin baƙo ya iso inda shagunan suke, sai ya wuce ta gefen Groendal, unguwar da tsarin raba mazauni bisa launin fata, wanda dokar 1950 ta kafa, ya keɓe wa waɗanda aka kira masu ruwa biyu. Sama da ita, a jikin dutse, akwai Langrug, unguwar bukkokin kwano da ta fara tsirowa a farkon shekarun 1990, galibin mazaunanta 'yan ƙabilar Xhosa ne da suka zo neman aiki daga Gabashin Cape. Mafi yawan mutanen Franschhoek a wannan gefe suke zaune, ba a unguwar da ake ɗauka hoto ba. Daga nan masu wanke kwanuka da masu kai abinci tebur da masu share ɗaki da masu yanke ciyawa suke fitowa kowace safiya.

Kuma ba za a yi maganar ma'aikatan gonakin inabi a Cape ba tare da ambaton abin da ake kira dop ba. Tsari ne da ya faro tun zamanin bauta, inda ake biyan leburan gona wani ɓangare na ladansa da giya, ana auna masa sau da yawa a rana. An haramta shi a takarda tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Abin da ya bari bai tafi tare da shi ba. Ya bar shaye-shaye da ya bi jini daga uba zuwa ɗa, kuma binciken likitoci ya nuna yankunan noman Yammacin Cape suna cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da aka haifa da lahani a ƙwaƙwalwa saboda uwa ta sha giya da ciki. Wannan ne abin da ya fi taɓa ni a duk labarin. Abin da ake zuba wa baƙo a kofi mai tsada ana yi masa bayanin ƙamshinsa, shi ne aka yi amfani da shi shekara ɗaruruwa a ɗaure mutane a gona ba tare da sarƙa ba.

Kada a ce babu abin da ya canza. A ƙarshen 2012 leburorin gona suka yi yajin aiki mai zafi da ya faro daga De Doorns, aka ƙona gonaki, aka rasa rayuka, kuma a Maris 2013 mafi ƙarancin ladan yini ya tashi daga rand 69 zuwa rand 105, a kuɗin ƙasar. Tun 2021 aka daidaita ladan leburan gona da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya kai rand 28.79 a sa'a a Maris 2025. A kan wannan lada na 2025, mai aikin sa'a 45 a mako zai tashi da kusan rand 1,300. A manyan gidajen abincin kwarin, cin mutum ɗaya na dare guda ya fi haka. Duk da haka, aikin gidan abinci ko masauki ya fi na gona ta fuskoki da dama: akwai kyautar da baƙi ke bayarwa, akwai koyon sana'a, akwai matakin da mutum zai hau, kuma ba a tsakar rana ake yinsa ba. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin uku na masu neman aiki ba shi da shi, wanda ya raina wannan bai san yunwa ba. Shi ya sa ba na tare da masu cewa duk harkar ƙarya ce kawai. Sababbin wuraren sun kawo aiki na gaske.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Reuben Riffel. A Groendal ya tashi, ya fara da kai abinci tebur kafin ya shiga madafa, ya buɗe gidan abincinsa mai suna Reuben's a kan babban titin a 2004, kuma a shekarar aka zaɓe shi gwarzon kuku na ƙasar. Daga baya ya zama alƙali a gasar girki ta talabijin, duk ƙasar ta san fuskarsa. Labari ne mai daɗi kuma gaskiya ne. Amma yawan ambatonsa shi kaɗai ma yana faɗin wani abu. Shekara ashirin bayan buɗe wannan gida, in ana lissafa masu mallakar gonaki da masaukai da manyan shagunan kwarin, 'yan asalin Groendal da Langrug ba su da yawa a ciki. Aiki ya sauko ƙasa, mallaka ta tsaya a sama, kuma tsadar fili tana ƙara nisanta ta kowace shekara.

An taɓa gwada wata hanya, kuma ya dace a tsaya a kanta. Mark Solms, malamin jami'a masanin ƙwaƙwalwa, ya dawo gida a farkon shekarun 2000 ya karɓi wata tsohuwar gona a kwarin. Ya tarar da iyalai da suka yi zuriya bayan zuriya a wurin ba su mallaki ko taku ɗaya ba. Maimakon ya fara da gyaran gini, sai ya kira masu tonon tarihi, aka haƙa ƙasa, aka binciki takardun bayi, aka buɗe ɗan gidan tarihi da ke ɗauke da sunayen bayin da suka yi aiki a gonar. Shi da abokinsa Richard Astor suka jinginar da gonakinsu aka sayi ta uku da sunan asusun amana na ma'aikata, ta yadda ma'aikatan suka zama masu kashi ɗaya cikin uku na kamfanin Solms-Delta. Aka gyara gidaje, aka biya kuɗin makarantar yara, aka farfaɗo da kiɗe-kiɗen karkarar Cape har ana yin bikin girbi da ma'aikatan gonakin kwarin ke cika shi. Gidan abincinsu ma girkin Khoi da na zuriyar bayi yake dafawa, ba na Faransa ba. Gwamnati ta shigo da kuɗi a 2016. Amma kasuwancin bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, bashi ya yi yawa, kuma tsakanin 2017 da 2018 harkar ta durƙushe, ma'aikatan da aka yi wa alkawari suka shiga shekarun rashin tabbas.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa raba mallaka ba ya aiki. Ni ba haka na karanta shi ba. Abin da ya nuna shi ne abin da muka faro da shi: inabi shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin gona a wannan kwari. Gonar attajiri tana iya faɗuwa shekara goma ana cike gurbin daga wata aljihu. Gonar da ma'aikata suka shiga da bashi ba ta da wata aljihu. An ba su kaso a sana'ar da ribarta ta riga ta ƙaura zuwa wani wuri, zuwa darajar fili da kuɗin masauki. Wanda duk yake son 'yan garin su samu rabo na gaske, sai ya duba inda kuɗin yake yanzu, ba inda yake a zamanin kakanni ba.

Sai batun muhalli, wanda shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. A da leburan gona a gonar yake zaune, gidan yana haɗe da aikin. Dokar 1997 ta ba irin waɗannan mazauna kariya daga kora ba bisa ƙa'ida ba, amma ta kuma sa masu gonaki da yawa suka daina ba da gida, suka koma ɗaukar leburori na wucin gadi ta hannun 'yan kwangila. Ga kuma wani sabon lissafi: tsohon gidan lebura, in aka yi masa fenti aka sa gado mai kyau, ɗakin baƙi ne da zai kawo kuɗi kowane dare. A cikin gari ma gidajen da iyalai ke haya suna komawa masaukin kwana biyu ta hanyar Airbnb da makamantansa. Kwarin kuwa ba ya faɗaɗa, duwatsu sun tsare shi, filin da ya rage gona ce mai tsada ko wurin da doka ta kare. Kowane sabon gidan abinci yana buƙatar ma'aikata, kowane ma'aikaci yana buƙatar wurin kwana, kuma wurin da ya rage masa shi ne bayan gidan wani a Groendal, ko bukka a Langrug, ko motar haya daga Paarl da sassafe da komawa bayan tsakar dare. Tun shekarar 2000 garin ba shi da hukumar kansa, yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Stellenbosch, wadda ke da nata dogon layin masu jiran gida.

Dogaro da baƙi yana da nasa haɗari, an kuma ɗanɗana shi. Fari na 2017 da 2018, lokacin da Cape Town ta kusa rufe famfunanta, ya tsorata masu zuwa, ya kuma tayar da tambayar wa ya fi cancantar ruwa tsakanin gona da wurin ninƙaya da gidan talaka, alhali madatsar ruwa ta kogin Berg da ke shayar da birnin tana nan a bakin Franschhoek. A 2020 annobar korona ta rufe iyakoki, gwamnati kuma ta hana sayar da giya har sau uku a cikin shekarar. A ƙarshen Nuwamba 2021, ana shirin buɗe kasuwar zafi, Birtaniya da wasu ƙasashe suka dakatar da jirage daga Afirka ta Kudu saboda sabon nau'in cutar, aka soke ajiyar ɗakuna cikin 'yan kwanaki. Manyan gidaje sun jure. Ƙananan shaguna da masu aikin wucin gadi, waɗanda rabin abin da suke samu daga hannun baƙo yake fitowa, su suka sha wuya.

Gidajen zane da bukukuwan adabi fa, ina matsayinsu a duk wannan? Ba na shakkar amfaninsu. Mai zane yana buƙatar mai saye, kuma masu saye suna zuwa Franschhoek. Matasan masu zane baƙaƙe daga sassan Afirka sun sayar da aikinsu a irin waɗannan ɗakuna. Bikin adabin ma yana da shirin kai marubuta makarantun kwarin da tallafa wa ɗakunan karatu. Sai dai a 2015 an yi zazzafar muhawara a ƙasar bayan wani marubuci baƙi ya tsaya a dandalin bikin ya soki yadda kusan duk masu sauraro farare ne, ya kuma ce ba zai sake halartar irin waɗannan taruka ba. Maganarsa ta yi zafi domin ta taɓa gaskiyar da ta wuce adabi: wuri yana iya kasancewa a buɗe ga kowa a doka, amma kuɗin tikiti da harshen da ake magana da shi da irin kallon da za a yi wa mutum a ƙofa su rufe shi. Yaron Langrug da zai ratsa titin Huguenot ya ga sassaƙen tagulla ta bayan gilashi, ba allon hana shiga ne zai tsai da shi ba.

A kan hanyar da ta haɗa Franschhoek da Paarl akwai gidan yarin da a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya yi watanni 14 na ƙarshe na ɗaurinsa, ya fito ta ƙofarsa ranar 11 ga Fabrairu 1990. Akwai mutum-mutuminsa a bakin ƙofar, motocin baƙi sukan tsaya a ɗauki hoto kafin a wuce gonar da aka yi ajiyar tebur. Can cikin kwarin kuma, ƙasa da Langrug, wani ɗan rafi mai suna Stiebeuel yana kwaso ruwan wanki da dattin unguwar da ba ta da isassun magudanai, ya nufi kogin da gonakin ƙasa ke ban ruwa da shi. Masu bincike daga Jami'ar Cape Town sun karɓi tsohuwar matatar ruwan garin da ke gefen rafin, suna tace ruwan da duwatsu da tsirrai ba tare da sinadari ba, suna noma kayan lambu da abin da suka tace.